Ido Mai Faɗi na Baba Ja-da-baya

Duk wanda ya taɓa yin aure, ko gama makaranta, ko buɗe shago a wannan layin, Baba Ja-da-baya ne ya ɗauke shi hoto. Sunan ba daga gida ya zo da shi ba, aiki ne ya raɗa masa. Tsohuwar kyamararsa ido ɗaya gare ta, ba a cirewa, ba a sauyawa. In mutane suka yi yawa sai ya ce, "Kowa ya tsaya yadda yake," shi kuma ya manna fuska a tagar leƙawa ya yi ta ja da baya har sai kowa ya shiga. Da wannan ja da bayan ya faɗa kwata, ya faɗa ramin masu gyaran famfo, ya zauna daram cikin tukunyar wani biki da sauran zafinta. Ya taɓa takowa daga rufin makaranta ya sauka a kan buhunan siminti. Mota ta taɓa kwasarsa ta baya, direban ne ya suma, shi kuwa ya tashi ya karkaɗe riga ya latsa. Hoton nan har yau yana rataye a falon masu shi, ba wanda kansa ya yanke, ba wanda ƙafarsa ta fita.

Bai taɓa shiga aji ba sai don ya ɗauki 'yan ajin. Amma ka same shi a bencin ƙofar gida ka sha labari. Masu digiri nawa ya ce wa su rufe baki suka rufe? Manya nawa ya ce wa su ɗaga haɓa suka ɗaga, ba musu? Abokan sana'arsa duk sun watse. Wasu warin ruwan wankin hoto ya cinye musu ƙirji, wasu wayar hannu ta kashe musu kasuwa suka koma sayar da caja. Shi yana nan daram, haƙoransa ne kawai suka riga shi tafiya, su ma a cewarsa tsoro ne ya kore su.

Da fim ya yi wuyar samu, babbar 'yarsa ta haɗa kuɗi ta saya masa kyamarar zamani ta hannu. Irin tasa ta da ce sak: taga a gefe, ka leƙa ka ga inuwa biyu a tsakiya, ka murɗa ido har su haɗu su zama ɗaya, ka latsa. Bambancin kawai ba ta cin fim, idonta ana cirewa a sa wani, kuma tana da allo a baya mai nuna abin da aka ɗauka. Ranar da ta zo hannunsa ya samo baƙin salatif ya liƙe allon ruf.

"Ni ba kaza ba ce," in ji shi, "da zan yi tono in sunkuya in duba abin da na tono. Abin da na ɗauka na san shi."

To, ana nan sai matarsa ta zame a bakin famfo, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka kwantar da ita a ɗakin ciki, likita ya ce ranar Litinin motar asibiti za ta zo a tafi da ita a yi mata aiki, kafin nan kuma kada wanda ya motsa ta ko da taku ɗaya. Tsohuwa ta saurara har ya gama, sannan ta juyo da kai wajen mijinta.

"Tsoho, ba inda za ni sai an yi mini hoto. Ni a kan gadon nan, da 'ya'yana, da surukaina, da jikokina, kowa da kowa. Har da kai."

"Mai hoto ba ya shiga hoto."

"Tun ina amarya nake jin wannan karatun. Ka duba bangon gidan nan. Ni da yara, ni da jikoki, ni da akuyar maƙwabta ma akwai. Baƙo ya shigo sai ya ɗauka ban taɓa aure ba, 'ya'yan nan a kasuwa na tsince su. In ba ka ciki, motar ta zo ta koma."

Ya san ta. In ta ce motar ta koma, komawa za ta yi. Sai ya ce, "To," ya ɗauko kyamara don ya gwada ɗakin.

Ɗakin kuwa ba ɗaki ba ne, aljihu ne. Gado ya cinye rabi, kabad ɗin tufafi ya cinye kwata, keken ɗinkinta ya tsaya a lungu da tulin yadi a kansa, ga taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabta. Baba ya tsaya a ƙarshen gado ya leƙa. Fuskar tsohuwa ya gani, da matashin kai, da rabin ƙofar kabad. Ya yi abin da ya saba, ya ja da baya. Bai gama ɗaga ƙafa ta biyu ba ƙeyarsa ta gaisa da bango.

Mutumin da rami bai tsayar ba, mota ba ta tsayar ba, yau ga bulo ya tsayar da shi. Ya juya ya ƙare wa bangon kallo, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa.

"Me ke bayan nan?"

"Kicin ɗin mai gidan haya," in ji babbar 'yar, wadda ta zo da mijinta duba jiki. "Baba, kada ma ka fara."

"Ƙofa kawai zan huda, daidai kafaɗata. In an gama a toshe."

Surukin, wani mutum mai jiki da sanyin murya, wanda bai taɓa yi wa kowa laifi ba in ban da yawan ba da shawara, ya gyara zama ya ciro wayarsa.

"Baba, ai wayar nan tawa tana ɗaukar ɗaki gaba ɗaya. In ka yarda, minti ɗaya..."

Baba ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Da ka zo neman 'yata, da wayar na ɗauke ku? Mayar da ita aljihu, kada ta yi mura."

"Ni ma ba na son hoton waya," in ji tsohuwa daga kan gado. "Na mijina nake so. Shi ya sa na aure shi, ba don kyau ba."

'Yar ta danne dariya ta ce, "Baba, ba bango za ka fasa ba. Kyamarar nan ana sauya mata ido. Akwai ido mai faɗi, wanda ke kwaso ɗaki duka kana tsaye wuri ɗaya. Ka je shagon 'yar Mai-walƙiya, tana da na hannu masu sauƙin kuɗi."

Mai-walƙiya abokin hamayyarsa ne na shekaru, sun yi ta ƙwace wa juna bukukuwa har Allah ya yi masa rasuwa, 'yarsa ta gaji shagon tana sayar da tsofaffin kyamarori tana gyarawa. Washegari da hantsi Baba ya rataya kyamara a wuya ya nufi can. Shagon wani siririn wuri ne tsakanin mai gyaran agogo da mai yankan makulli. Ya same ta da tabarau a goshi tana hura ƙura daga cikin wata kyamara.

"Kawu, yau kai ne a shagonmu? Ince dai lafiya? Yaya jikin Inna?"

"Jiki da sauƙi, baki ne ba sauƙi. Ido nake so mai faɗi. Wannan nawa an ce lambarsa hamsin. Ba ni ɗari."

"Ɗari, Kawu?"

"Ko ɗari biyu in akwai. Iyalina ba kaɗan ba ne. Ubanki 'ya'ya uku ya haifa, hamsin ta ishe shi."

Ba ta yi musu ba, don ta san shi tun tana rarrafe. Ta ɗauko wani dogon ido mai lamba casa'in ta ɗaura masa, ta ce ya leƙa. Ya leƙa. Wani ɗan ƙaramin akwati na farin zane ya bayyana a tsakiyar tagar, bai fi girman akwatin ashana ba.

"Abin da ke cikin akwatin nan kaɗai zai fito," in ji ta.

"Wannan ko hancin matata ba zai ɗauka ba."

"To ai haka abin yake. Lamba tana hawa, ido yana tsukewa. In faɗi kake so, ƙasa za ka yi. Talatin da biyar, ashirin da takwas, ashirin da ɗaya."

Baba ya sauke kyamara. Wani ne da ya ji kunya. Shi kuwa sai fuskarsa ta washe.

"Wato wanda ya tsara lissafin nan shi ma da baya yake tafiya. Ɗan'uwana ne. Na san ba ni kaɗai ba ne mai hankali a duniya."

Ta shimfiɗa ƙyalle a kan kanta ta jera masa idanu. Na farko na kamfanin da ya ƙera kyamarar ne, baƙi sumul, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Ya ɗauka ya murɗa, ya ji laushi kamar ana juya cokali cikin zuma. Ya tambayi kuɗinsa. Ta sunkuyo ta raɗa masa a kunne. Ya ajiye shi a hankali da hannu biyu, ya ja hannayensa ya ɓoye a baya.

"Da gidan da za a ajiye shi ake sayarwa?"

"Shi kaɗai ne, Kawu."

"Matsar da shi can, kada in yi atishawa a kansa."

Na biyu sabo ne fil, na wani ƙaramin kamfani, ƙato kamar gwangwanin madara. Ta ce bakinsa babba ne, yana shan haske da yawa, ko ɗaki da duhu zai ɗauka, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na farko ba. Aka ɗaura. Kyamarar ta rinjaya gaba kamar mai neman faɗuwa, kuma da ya leƙa sai ya ga ƙaton ya tare masa kusurwar taga ɗaya gaba ɗaya.

"Wannan ai surukina ne," in ji shi. "Ga jiki, ga tare hanya. Cire shi."

Ta ciro mai lamba ashirin da takwas ta ce shi take ba shi shawara, don iyakar abin da tagar kyamararsa ke iya nunawa ke nan, abin da ya gani shi zai samu. Sannan ta tambaye shi girman ɗakin. Ya miƙa hannayensa biyu, ya ce in ya yi haka tsakanin kabad da bango sai ya lanƙwasa gwiwar hannu ɗaya. Ta tambayi yawan mutanen. Ya fara lissafi da 'ya'ya, ya shiga surukai, yana cikin jikoki yatsunsa suka ƙare ya fara aron nata.

"Tsaya haka, Kawu. Ashirin da takwas ba zai ɗauke ku ba."

Ta buɗe aljihun tebur ta ciro wani ɗan mitsitsi, bai fi murfin kwalbar magani ba, fentin gefensa duk ya goge har ƙarfe ya fito. Na hannu ne, lamba ashirin da ɗaya. Ta ɗaga shi a haske ta nuna masa gilashin, garau, ba tabo ba hazo. Ta ce aibinsa ɗaya, bakinsa ƙarami ne, ba ya shan haske da sauri. A cikin ɗaki sai an kafa kyamara a kan ƙafa uku, mutane kuma su daskare har a gama. Amma hotonsa tsaf yake fita, kuɗinsa kuma ko mai gyaran agogon nan na kusa zai iya biya.

Baba ya juya shi a tafin hannu. Tsoho, ƙarami, ya sha duniya, fenti ya tafi amma gani yana nan.

"Wannan ya yi kama da wani da na sani," ya ce. "Naɗe mini shi."

"Saura abu ɗaya." Ta ɗauko wata 'yar ƙaramar taga ta ƙarfe da gilashi. "Wannan ake soka wa a saman kyamara. Idon nan ya fi tagarka gani, Kawu. Akwai abin da zai kwaso dama da hagu wanda tagarka ba za ta nuna maka ba. Ko dai ka sayi wannan, ko ka ɓare salatif ɗin nan ka riƙa duba allo."

"Taga a kan taga? Gidan sama zan gina? Yarinya, ina ɗaukar hoto tun ubanki yana riƙe wa wani fitila. Inda tagata ta tsaya, nan hotona ya tsaya."

"To shi ke nan. Amma kada ka sa mai jiki a gefe. Duk wanda ya faɗa gefen idon nan sai ya miƙe ya baje, kansa ya zama kamar an zauna a kai."

Kunnen Baba ya miƙe.

"Maimaita. Wanda ke gefe me zai same shi?"

Ta maimaita. Ya biya ba tare da ya nemi ragi ba, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Daga gargaɗi biyun da aka yi masa, na biyun ya saka a aljihun gaba, na farkon ya bar shi a kan kanta.

A hanyar gida fara'ar ta ɗan sauka. Akwai abin da bai faɗa wa kowa ba, kuma ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba. Ya daɗe a wannan sana'a, ya san irin hoton da ake cewa a tara kowa da kowa a kewaye gado. Ya ɗauki irinsa ba adadi. Shi ne wanda daga baya ake sa wa firam a rataye sama da ƙofa, baƙi su zo ana nuna musu da yatsa ana rage murya. Matar nan kuwa tun tana amarya take bin sa da mitar hoto ɗaya. Macen da ke da sauran mita a bakinta ba ta tafiya ko'ina. Ko likitoci sun yi mata barci mai nauyi, za ta farka don ta ƙarasa. In ya shiga hoton nan, me ya rage mata da za ta dawo ta yi masa faɗa a kai? Ya ce mata "to," gaskiya ne. Amma bai ce to ɗin na yaushe ne ba.

Ranar Asabar da rana, tsohuwa tana barci, ya kafa kyamara a kan ƙafa uku ya cusa ta can cikin lungu har bayanta ya taɓa bango. Ba wurin da mutum zai tsaya a bayanta, sai dai ya leƙa a karkace, sannan ya koma gefe ya latsa da igiyar latsawa da ke jone da kyamarar. Ya cire takalminsa ɗaya ya ajiye a ƙasa wajen ƙarshen gado, ya leƙa, yana gani. Ya tura shi gefe, ya sake leƙawa, yana gani. Ya yi ta turawa har takalmin ya fita daga taga. Sai ya buɗe aljihun keken ɗinki ya ɗauko allin tela ya ja layi a siminti daidai wurin. Daga layin nan zuwa gado, hoto. Daga layin nan zuwa bango, mafakar mai hoto. Ya tsaya a bayan layin ya gwada, ya ga har hannunsa yana kaiwa ƙafar gadon. Ya jinjina wa kansa. Masu digiri su zo su ga aiki.

Lahadi da safe gida ya cika. Aka buɗe taga, aka cire labule, aka kunna ƙwai, aka fitar da keken ɗinki tsakar gida. Babbar 'yar ta ɗaura wa uwarta sabon ɗankwali ta jingina ta da matasai. Baba ya tsaya yana ba da umarni kamar mai lodin mota.

"Dogaye ku bi bango. Ke, ɗauki wannan mai majinar ki goge masa. Ƙanana ku hau gado, amma duk wanda ya taɓa ƙugun kakarsa zan cire shi daga zuriya. Kai auta, sunkuya, ba kai kaɗai aka haifa ba."

"Ni ina zan tsaya, Baba?" in ji suruki.

"Kai ai babban mutum ne, wuri na musamman na tanadar maka. Can gefe, jikin kabad. Ƙara matsawa. Ƙara. Yawwa, nan ne wurin manya."

Suruki ya gyara wuyan riga, ya ji daɗi an girmama shi.

Baba ya leƙa a karkace, ya murɗa ɗan idon har inuwar tsohuwa biyu suka haɗu suka zama mace ɗaya, ya ce a ransa ɗayar ma ta ishi mutum. Ya zagayo ya tsaya a bayan layinsa da igiya a hannu.

"Tsoho, kana ciki?" in ji ta.

"Ina inda ya kamata. Kowa ya kalli nan. Idon nan ba ya son gaggawa, kada wanda ya motsa, kada wanda ya yi numfashi. Mai tari ya haɗiye."

Ɗaki ya yi tsit. Ya latsa. Kyamara ta yi ƙas, ta yi shiru mai tsawo, mutane suna ta kumbura, ba ta sake cewa komai ba.

"Tsoho," in ji tsohuwa ta gefen baki, ba ta motsa kai ba, "idon naka a rufe yake."

Ya duba. Murfin yana nan a bakin ido. Taga ta nuna masa komai sarai, don ita ba ruwanta da abin da ido ke ciki. Mai hankali da a nan ya tuna maganar 'yar Mai-walƙiya. Baba kuwa cire murfin ya yi ya jefa a aljihu.

"Gwaji ne. Ina so in ga wa zai fara motsi. Kai auta, na gan ka."

Aka sake daskarewa. Ya koma bayan layi, ya daidaita yatsun ƙafarsa, ya latsa. Ƙas, ɗan shiru, ƙas. Mutane suka saki numfashi gaba ɗaya har ɗankwalin wata ya motsa.

"An gama. Sai an wanko ku gani."

"Ba wani wanki," in ji tsohuwa. "Gobe da safe za a tafi da ni. Yanzu zan gani. Ke, ɓare wannan baƙin abin."

Kafin ya buɗe baki babbar 'yar ta kwance kyamara ta ɓare salatif, ta danna, ta kai wa uwarta. Kawuna suka taru a kan ɗan allon. Na farko baƙi ƙirin, aka wuce shi. Na biyu ya fito.

Kowa yana ciki. Ba kan da ya yanke, ba ƙafar da ta fita, har ƙwan lantarki da tsagar rufi sun samu shiga. Tsohuwa a tsakiya tsaf kamar sarauniya. A hagu ga suruki ya baje, shi da kabad ba ka ce ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Aka fashe da dariya, shi ma surukin yana yi yana cewa ai jiki ne, ba laifin kowa. Baba yana daga bakin ƙofa yana murmushin wanda dabararsa ta ci.

Sai auta ya ce, "Wannan kuma wane ne a dama?"

Dariyar ta tsaya, sannan ta dawo ninki biyu. Baba ya kutsa ya karɓi kyamara ya nisanta ta da fuska don ya gani da kyau.

A can ƙarshen dama, ga wani tsoho. Kansa ya miƙe ya karkace kamar gora, kunnensa ɗaya ya yi tsawon tafin hannu yana neman fita daga hoton. Igiya a hannunsa na hagu. Kowa a hoton kyamara yake kallo, ban da shi. Shi matar da ke kan gado yake kallo, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa na dama kuma ya riƙe babban yatsan ƙafarta ta saman bargo. A ƙasa, fari tas a kan siminti, ga layin alli, ga yatsun ƙafarsa a jere a bayansa, ko ɗaya bai tsallaka ba.

"Miƙo nan," in ji tsohuwa. Ta daɗe tana kallo. "Wannan layin fa, Tsoho? Da allina?"

"Na... na auna haske ne."

"Haske." Ta dube shi, ta dubi layin na ƙasa, ta sake duban hoton. Ta fi kowa sanin mijinta, ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Tun ranar da ta faɗi ba a ji dariyarta ba, yau ga ta tana yi tana riƙe ƙugu tana cewa wayyo, hawaye na bin kumatunta, 'yar tana roƙonta ta bari kada ƙashin ya ƙara gocewa.

Baba ya tattaro abin da ya rage masa na girma ya miƙe ƙirji.

"Wannan ba ni ba ne. Ku dube ni ku dubi wannan. Yaushe kaina ya zama haka? Wannan kunnen na jaki ne. Ni ban yarda na shiga hoto ba, kuma ba za a rataye wannan a gidana ba. Sai an sake."

"Za a sake," in ji ta tana share ido. "Amma ba yau ba, na gaji. In na dawo. Ka tsaya a tsakiya kusa da ni, da kanka irin na mutane. Kafin nan ka koma wurin yarinyar nan ka sayi abin da ta ce ka saya, don na san akwai abin da ta ce ka saya ka ƙi."

"Ba abin da ta ce."

"Ƙarya kake, kunnenka na motsi. Wancan dogon ma na gan shi yana motsi."

Da yamma babbar 'yar ta kai aka buga hoton a takarda, tsohuwa ta sa shi ƙarƙashin matashi ta ce da shi za ta tafi, in likitoci sun ɓata mata rai ta ciro ta kalli goran kan nan nasa.

Litinin da safe motar asibiti ta tsaya a ƙofar gida. Ma'aikata biyu suka ɗora ta a gadon ɗauka suka bi da ita ta siririn lungun da ke fita waje. Baba ya shiga gabansu, fuskarsa na kallonta, yana tafiya da baya yana ba su umarni, ku ɗaga nan, ku karkata can, a hankali, ba buhu kuka ɗauko ba.

"Ban gama da kai ba," in ji ta. "Ka ji ko? Kuma ka goge mini layin nan, ka mayar mini da allina inda ka ɗauka."

"Sai kin dawo kya nuna mini inda yake zama."

"Tsoho, akwai bokiti a bayanka."

"Na sani," ya ce. Ya zurma ƙafa ɗaya ciki har idon sawu, ruwa ya fantsama, ya ci gaba da ja da baya yana jan bokitin ƙararam ƙararam har bakin mota, bai ɗauke ido daga kanta ba.